Ruwan Tofi a Bayan Baka

Da wari abin ya fara. Lokacin muna ɗaki ɗaya a wani fulat a unguwar Al Nahda, can ƙasar waje, ni da maigidana da yaronmu ɗan wata goma, kicin kuwa mu 'yan haya huɗu muke rabawa. Wata Lahadi ya dawo daga kasuwar kifi da leda. Na buɗe ina zaton na miya ne, sai na ga fata zalla, ko tsoka babu. Ya kankare ta da cokali, ya shimfiɗa a kwali, ya tura ƙarƙashin gado.

"Na mene ne wannan, Maigida?"

"Wani ɗan aiki nake yi."

Mako na zagayowa sai ga busasshiyar jijiyar ƙafar saniya. Ya ari turmina ya daka ta har ta zama zare kamar furfurar tsohuwa, ya kasa ta kashi-kashi, ya naɗe a farin ƙyalle. Farin ƙyallen nan shi ya tsinka min zuciya. A garinmu, in namiji ya fara tara fata da jijiya yana naɗewa a fari, mun san gidan da ya fito. Ga shi matan unguwa kullum suna cewa a ƙasar nan ko laya aka gani a jakar mutum sai ya yi bayani, wani ma jirgi ake saka shi a mayar da shi ƙasarsu. Bizata da ta yaron kuwa a jikin tasa suke rataye.

Daga nan ya kawo wani siririn itace, ya dafa ragowar fatar a ƙaramar tukunyata har ta yi danƙo, ya riƙa tsoma zaren yana shimfiɗawa a bayan itacen, sannan ya lulluɓe da fatar kifin. Maƙwabciyarmu 'yar Filifin ta toshe hanci ta tambaye ni mene ne a wuta. Na ce maganin mura ne. Kallon da ta yi min bai kwanta min ba.

Da ya fita aiki na kira mahaifiyata.

"Inna, bakinsa ma motsi yake in yana shafa abin."

"Kada ki tsare shi da tambaya, 'yar nan. In asiri ya riga ya kama shi ba zai faɗa ba. Ki yi tofi a ruwa ki yayyafa."

Ni ban tsaya a yayyafi ba. Na jiƙa tsumma na goge itacen tun daga sama har ƙasa, kwana uku a jere. Rana ta uku fatar ta ɗago, zaren ya kumbura ya yi fari, ya fara saki. Na ce a raina asirin ya karye.

Ya dawo da la'asar, ya jawo itacen, ya daɗe yana juya shi.

"Wa ya jiƙa min baka?"

"Baka?"

"To da me kika ɗauka?"

Na faɗa masa, har da shawarar Inna. Ya zauna a bakin gado. Ya ce mahaifinsa maharbi ne, bakansa gara ta cinye shi bayan rasuwarsa. Wani ɗan Sin da suke aiki tare a unguwar International City ya nuna masa yadda ake ƙarfafa bayan baka da jijiya, a rufe da fatar kifi. Danƙon kuwa, kafin a shafe shi da mai, ruwa kawai yake jira ya narke. Motsin bakin da na gani, lissafin shimfiɗa yake yi. Bakan kuwa, yaronmu yake yi wa.

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Da kin ce ƙato da gemu yana wasan yara." Ya ja fatar ta biyo hannunsa. "Aikin sati shida. Tofinki ya ci, Hajiya."

Ban yi dariya ba. Asiri dai babu, amma baka makami ne, kuma mai gadi yana shigowa duba eyasi, na'urar sanyaya ɗaki. Na ce zai sake, amma a gabana, kuma ranar da ya bushe ya bi kago, jirgin kaya, zuwa gida. Ya ce khalas, ya yarda.

Ni na daka jijiyar karo na biyu. Farin ƙyallen kuwa na jefa shi a shara, na ba shi tsohuwar atamfata.