Shafin Kifin Inna

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar da ke haɗa mu da Benin, Gaya ta yi shiru har ina jin tarin akuyar unguwar gaba. A da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, su ne ke cinye kifin banda na Inna. Sukan yi kwana da kwanaki suna jiran duwan, wato kwastan, suna ci kamar gobe za a hana. Da suka watse sai kifi ya taru a ɗaki, ƙwari suka fara shigarsa. Inna ta ce in ba a samu masu saye ba, za ta kashe murhu ta haƙura.

Ina lise lokacin, wato babbar sakandare, kuma duk ajinmu babu yarinyar da ta kai ni baki. Na ce mata zan kai kifinta Yamai ba tare da na taka tasha ba. Na ari ordinatar mushenmu, wato kwamfutar malaminmu, na buɗe mata shafi a intanet da hoton kifi da lambar waya. Amma in ka rubuta "kifin banda Gaya" a wurin bincike, shafinmu yana can ƙasa, inda ko aljani sai ya huta sau biyu kafin ya kai.

Mushe ya koya mini dabara. Ka sa liyan ɗin wani a shafinka, wato ɗan rubutun da in an taɓa yake kai mutum shafinsa, shi ma ya sa naka. Injin bincike in ya ga ana ambatonka sai ya ɗaga ka. Na yi musaya da mutum uku: mai shinkafa a Tanda, mai yaji, da wata mai gidan abinci a Doso. Bayan makonni muka hau sama. Wata hajiya ta kira daga Yamai ta sayi kwali biyu. Inna ta rangaɗa guɗar da na tabbata an ji ta a ƙetaren kogi.

Bakina ya ja mana. Na baza labari, duk wanda rufe gada ya karya ya zo in buɗe masa shafi, kuma a yi musaya. Sai ga mai faci, mai maganin basir, mai tattabaru, har da Goggo ƙanwar babana da turaren wutarta.

Na ce, "Inna, me ya haɗa kifi da faci?"

"Matarsa ta zo sunanki da turmin atamfa. Sa shi."

"Mai maganin basir fa?"

"Shi ya haƙa kabarin kakanki. Ke, sa shi, ban son surutu."

Inna ta ɗauki liyan kamar gudummawar biki, wanda ya kawo maka dole ka kai masa. Shafinmu ya koma kasuwar Gaya, sai ka ture mutum arba'in kafin ka ga kifi.

Wata safiya na duba, babu mu. Na sauka, na sauka, har yatsana ya gaji. Mushe ya ce injin ya gane. In ya ga mutane suna yabon juna a zagaye, sana'arsu ba ɗaya ba, sai ya ɗauka haɗin baki ne ya jefar da su gaba ɗaya. Magani shi ne a cire.

Inna ta ce, "In cire ƙanwar ubanki? Da wane ido zan dube ta?"

Na cire a ɓoye, na bar ukun farko. Kwana biyu sai ga Goggo a tsakar gida, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, ashe na yi wa kifinki ƙarni ne? Ɗana ya duba, ya ce an share ni."

Inna ba ta dube ni ba. Ta dai ce, "Kuskuren yara ne," ta raka ta har ƙofa. Da ta dawo ta miƙo mini wayar.

"Mai da su duka."

"Inna, in na mayar ba mai ganinmu."

"Na ji. Mai da su."

Na mayar da su ɗaya bayan ɗaya, har mai tattabaru. Hajiyar Yamai ta ƙara kira sau ɗaya, daga nan shiru. Kifin da ya rage Inna ta raba wa maƙwabta kafin ƙwari su gama da shi, Goggo ta samu kaso mafi girma. Murhun kuwa kaji suka gaje shi, a ciki suke ƙwai.