Injin da Anka Ce Babu Shi

Ni makanise ne. Injin ban ruwa na masu albasa nike gyara a Madawa, tun gashina yana baƙi. Lakwal aji uku na yi anka kore ni, ban kuma yi kuka ba.

Ɗiyar ƙanena ita ta yi karatun ordinata, wato kwamfuta, a Yamai. Da tad dawo, masu furojen gyaran ƙasa na Keita sunka ba ta aikin gwaji. Manomi zai ɗauki hoton ramukan da yag gina a faƙo, ya aiko ta waya, abin da tar rubuta cikin ordinata ya rage girman hoton ya aje. In ya yi aiki ran Alhamis gaban shugabanni, a ɗauke ta. In bai yi ba, a ba wani kamfani na Yamai aikin, ita kuwa ta koma can neman abin yi. Uwarta ba ta da lahiya, ba mu so ta tahi.

Ran Talata da hantsi taz zo garejina, don nan ne rezon waya ke kamawa. Ta zauna bisa jarka, tana ta tsaki.

Nic ce, "Ke, tsakin nan zai kore min mutane. Mi ya faru?"

Tac ce, "Baba, ba za ka gane ba."

"To, malama, gwada jahili."

Tac ce cikin ordinatarta komi lahiya lau. Amma da ta tura aikin can wurin da anka yi haya a intanet, sai ya ƙi tashi. Guntun da ke rage hoto shi ke ƙi.

Nic ce, "Guntun nan, ina kinka samo shi?"

"Nan cikin tawa anka haɗa shi."

"Injin can fa, wane iri ne?"

Sai ta yi dariya. "Baba, ai tsari marar injin ne. Haka sunanshi."

Na aje kilen da nike kwance noti da shi. Nic ce, "Wa ke biyan kuɗin wutar, aljannu? Akwai injin, ɓoye miki shi anka yi."

Na jawo piston biyu daga akwati, na Sin da na Japan. Suna ɗaya bisa kwali, lamba ɗaya. Na sa ɗaya cikin injin da ke gabana, ya shige. Na sa ɗayan, ya tsaya a baki. Nic ce, "Ni ban sayen piyas sai na ga injin da idona. Ke kin auna a naki, kin aika ma na wani."

Ta shiga karatu. Can tac ce, a hankali, ƙwaƙwalwar injin can dabam take da ta ordinatarta.

"Ashe akwai shi?"

"Baba, don Allah ka bari."

Yadda tab bayyana min, akwati ta buɗe cikin ordinatarta mai kama da injin can, ta sake haɗa guntun a ciki. Karo na farko ya ƙi, don ta mance tsohon cikin kayan. Ta hidda shi, ta sake turawa. Ta ɗauki hoton ƙafata da takalmin roba, ta aika. Ya shiga.

Ran Alhamis ban je Keita ba, ina da injin wani mutumin Sabon Gida a kwance. Bayan la'asar ƙanena ya kira, yac ce sun ɗauke ta. Kowane mako kwana uku a Keita, sauran a gida wurin uwarta.