Burgamin Kawu Sale Maƙeri

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, Ya kuma raba sana'o'i tsakanin bayinSa gwargwadon hikimarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Da hantsin wata Alhamis, a kakar shekarar da na kai Tabaraka a karatun allo, ina durƙushe a maƙerar kawuna Sale, a wata unguwa ta gefen garin Turawa, ina jan zugazugi. An gama yankan dawa, dammuna na jingine a jikin rumbuna, kaji na tsattsagar tsaba a tsakar gida. Sai Kawu ya ajiye masaɓa, ya kira ɗansa Idi, wanda yake sa'ana kuma taubashina. Ya kama hannunsa na dama, ya buɗe tafin, ya tsago siririyar kaba ya auna faɗinsa, ya ƙulle kabar. Duk yaron da ya tashi a gidan maƙera ya san ma'anar wannan awo. Za a sassaƙa wa Idi ƙotar magagari, abin gurzar ƙarfe, daidai hannunsa, watau an shigar da shi aikin bindiga ke nan. Ni kuwa tuni na goge nawa tafin a jikin riga, ina jiran a kira ni. Kawu ya soke kabar a hularsa, ya dube ni ya ce, "Zuga, Habibu, wuta tana mutuwa."

Mahaifina malami ne a Yammedi, mahaifiyata kuma ƙanwar Kawu Sale ce. Tun da Alhamis da Juma'a ba a karatu, nakan share zaure, in ba awaki dusa, in cika randunan Inna, sannan in yanki hanyar gonakin rake da rogo zuwa gidan kakannina. Mafi yawan aikin maƙerar fartanya ce da garma da lauje. Amma abin da ya fitar da sunan Kawu har ƙasar Rogo shi ne gyaran bindigar toka, wadda maharba suke tsare gonaki da ita daga birai da gyado. In maharbi ya kawo tasa, Kawu yakan wanke hannu, ya shimfiɗa buzu a gefe, ya sauko da wani burgami na fatar akuya da ke rataye a tankar rumfa. A ciki akwai magagarai sirara, da ɗan ƙaramin awartaki, da guduma wadda kanta bai fi ƙwan zabo ba, da gizago na sassaƙa gindin bindiga, kowanne naɗe a tsumma mai man kaɗe. Ba wanda yake taɓa burgamin nan, ko matansa. Yakan ce, "Kayan fartanya daban, kayan bindiga daban. Fartanya in ta ɓaci ciyawa za ta bari, bindiga in ta ɓaci marayu za ta bari." Akwai wani maharbi mai yatsu uku a hannun hagu da yakan zo hira, wanda ya taɓa gyara tasa a gida da gudumar fasa dutse, shi ne yake fara gyaɗa kai in an faɗi haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni na fi Idi son aikin, kuma Kawu ya sani. In za shi kasuwar Karaye zaɓen kayan aiki wurin 'yan koli masu sarowa daga Kano, ni nake riƙe masa jaka. Na ga yadda yake ƙin mai ƙyalli, ya ɗauki magagari ya shafa da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne, ya mayar, ya ɗauki wani, har mai kaya ya gaji ya ce, "Sarkin maƙera, amarya kake zaɓe?" Har na kai in aka ƙwanƙwasa ƙarfe, nakan san wanda zai ɗauka tun bai miƙa hannu ba. A lokacin Idi yana can bayan rumfunan mahauta yana langa, ko yana harbin kurciya da danƙo. Duk da haka shi aka auna wa hannu. Da aka gama ƙotar, ta itacen marke, sai ya riƙa soke magagarin a ƙugu yana yawo da shi kamar dogari da takobi. In mun haɗu a rafi wurin wankin awaki yakan ce, "Ɗan mace, zo ka sunsuna, amma kada ka taɓa."

Na koma gida raina a jagule. Allona ya kwana biyu ba a wanke ba, domin na kasa kawo hadda. In na zauna feƙe alƙalami, sai in tarar ina gurza karan kamar yadda Kawu yake gurza ƙarfe. Na daina cin tuwo a kwano ɗaya da Idi in ya zo gidanmu, na kuma riƙa fatan wani maharbi ya dawo da aikinsa ya ce bai yi ba. Ba wanda ya dawo. Daga baya na kai kuka wurin Inna tana surfe, na roƙe ta ta yi wa yayanta magana. Ta yi masa, ya kuwa aiko mata da amsa cewa idon yaron nan na ƙira ne, hannunsa ma haka, amma maƙeri ba ya auna hannun ɗan da ba nasa ba sai uban ya kawo shi da kansa, domin ɗan 'ya mace na gidan ubansa ne. Saboda haka magana ta koma wurin Malam, mahaifina. Inna ta jira ranar da ya ci abinci ya ji daɗi, ta durƙusa ta faɗa masa, ni kuma ina laɓe bayan zana. Ya ja casbinsa, sannan ya ce, "Ƙira sana'a ce mai daraja, ban raina ta ba. Amma Sale yana da magaji a maƙera. Ni wa zan bar wa littattafan nan?" Bai ƙara ba, ba a kuma sake tayar da zancen ba. Bayan na sauke, aka tura ni Zariya neman ilimi.

Na daɗe a can, na karanta fiƙihu da nahawu da ilimin rabon gado. Na kuma karanta bambancin da malamai suka yi tsakanin hassada, wadda take fatan ni'ima ta gushe daga wani, da burin samun irinta kawai. Na sha auna zuciyata a kan wannan ma'auni, wani lokaci ta rinjaya nan, wani lokaci can. Duk sanda na zo ganin gida, sai in ji maharba a majalisa suna cewa hannun Idi ya kamo na ubansa, in ce madalla, kalmar tana yi mini nauyi a harshe.

Da Allah Ya karɓi ran Kawu Sale, Malam ya riga shi rasuwa, ni nake zaune a buzunsa, don haka ni aka kira rabon gado. Aka fito da kaya tsakar gida, gonaki aka ambata da baki, sannan Idi ya sauko da burgamin ya kwance a gabana. Ranar na fara taɓa kayan cikinsa. Na ɗauki kowanne na juya shi, da sunan ina ƙiyasta darajarsa, alhali na san su tun ina yaro kamar yadda na san surorin ƙasa. Hukuncin kuwa a fili yake: mamaci ya bar mata da 'ya'ya maza da mata, ɗan 'yar'uwa ba shi da ko allura. Da bakina na faɗa, na sanya burgamin a kason Idi, tun da shi yake aikin. Yana ɗaure bakinsa ya matso ya rage murya ya ce, "Alaramma ɗan mace, na ga yadda kake juya su. In akwai wanda ranka ya biya, ɗauki." Dattawa na zaune, almajiraina na kallo, kuma ba ya kyautuwa mai rabo ya tashi da wani abu daga dukiyar da ya raba. Na ce Allah Ya sanya albarka, na shafa fatiha, na sa takalmina.

Yau dajin da birai suke fitowa ya zama gonaki, maharban sun ƙare, sunan bindiga ma ya zama abin da in an ambata sai gaba ya faɗi, domin ba gona ake tsarewa da ita ba. Idi ya riga ni komawa ga Ubangiji. 'Ya'yansa walda suke yi a bakin titi, suna haɗa ƙofofi da tagogi da wutar inji. Kwanaki na tambayi babban cikinsu labarin kayan kakansa, ya ce ai sun yi tsatsa, an haɗa da sauran tarkace an ba masu sayen tsohon ƙarfe. Ya faɗa ne yana duban wayarsa. Na karantar da ɗalibai masu yawa, ban kuwa raina rabon da Allah Ya yi mini ba, amma har yanzu in na wuce wurin da ake dukan ƙarfe, sai na rage tafiya na saurari sautinsa. Furfura takan rufe kai, ba ta kaiwa zuciya.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale da Idi da iyayenmu baki ɗaya. Ya sanya wa mai karanta wannan, shi da iyalan gidansa, wadatar zuci a kan abin da aka ƙaddara musu, Ya albarkaci aikin hannunsu. Amin.