Baba Ya Tsallake Ramin

"Kai Sani, ba a nan ake tsalle ba!"

Muryar Baba ce daga kan tabarma. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara ya rage magana, motsa hannun da likita ya ce ya riƙa yi ma ya ƙi.

Wasan da nake yi na tsohuwar kwamfutarsa ne, wadda ɓeraye suka cinye wa wayoyi tuntuni. Abokina a Gaya ya kwafo shi daga cikinta, ya sa mini manhajar da ke sa laftof ta kwaikwayi tsohuwar na'ura. Ina gwadawa a tsakar gida, ɗan mutumin cikin wasan yana ta faɗawa rami.

Na ce, "To Baba, ku gwada mana."

Ya miƙo hannun hagu, mai lafiyar, sai ya janye. "A'a. Da dama na saba."

Ya sa hannun daman da ya shanye, ya yi ta faɗawa ramin, amma bai daina ba sai da ya tsallake.

Yau da safe shi ya fara tambayata ko na yi cajin laftof.

Waye cikinku har yanzu yake da irin kwamfutar nan a ɗaki? Don Allah kar ku yar.