Dakta Habu da Ƙwaryar Dada

Duk wanda ya san Dakta Habu ya san in ya cire hula, to akwai abin da zai goga. A cikin hular yake ajiye 'yan tsinkayen nan masu auduga a kai. Ka ba shi ruwa, kafin ya sha sai ya zaro tsinke ya goga bakin moɗa, ya jefa a 'yar kwalba, ya rubuta sunanka a jiki. Ya goga bakin rijiya, ya goga turmi, ya goga hancin jakin Alhaji Ɗanladi har jakin ya ba shi amsa da ƙafa. Yana kwance a ƙasa muna salati, abin da ya fara tambaya shi ne, "Tsinken dai bai taɓa ƙasa ba ko?"

Ni ce Hanne mai fura da nono ta Kahu. Shi ɗan goggona ne, ni 'yar kawunsa, don haka a wasan taubasai bawana ne, duk da tarin digirinsa. Ban yi boko ba. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu. Ba na yawan magana, kuma ba na yi wa mamaci ƙarya. Habu mutumin kirki ne, amma kansa akwai motsi.

Aikinsa a jami'a, yadda ya faɗa mini, wai akwai halittu ƙanana da ido ba ya gani. Shi yana karanta rubutun da Allah ya yi a cikin jikinsu, ya gane wa ya haifi wa, da yadda jikoki suke sauyawa a hankali har su bar halin kakanni. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Sun fi mu yawa, kuma sun riga mu zuwa." A gidan biki ya faɗa, a gidan suna ya faɗa.

Wata rana bayan la'asar Malam Isa liman ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Dakta, an ce ku ne masu cewa biri ne kakanmu?"

"Allah gafarta malam, ni ban kai kan biri ba. Shekara goma sha biyar ina cikin ƙwaryar Dada, har yau ban fito ba."

Malam ya ce, "To, Allah ya fito da kai lafiya."

Dada kakarmu ce. Da ta rasu wasu suka gaji shanu, ni na gaji ƙwarya. Kullum da safe kakan rage ɗan nonon jiya a ƙasanta, shi ne iri, ka zuba sabuwar madara a kai, ta kwana ta zama kindirmo. Tun zamanin Dada irin nan bai taɓa yankewa ba. Habu ya ce halittun da ke ciki zuriya ɗaya ce, kuma duk aikinsa a kansu yake. Ya sa na yi masa alkawari uku: ba sabulu, ba irin wani gida, ba fashi. Duk wata yakan zo a tsohon babur ɗinsa da kular ƙanƙara a baya, ya goga, ya sha kofi biyu, ya ce tsami ya yi yawa, ya tafi.

Wata shekara ya zo bai ko gaisa ba.

"Hanne, akwai baƙi a ƙwaryata."

Na ce, "Ƙwaryarka? Yaushe bawa ya yi ƙwarya?"

"Me ya faru da azumin bana?"

"Azumi."

"Baƙin nan na san danginsu. 'Yan ƙwaryar Hajjo ne ta Zinyau."

Kai! Gaskiya ne. Zazzaɓi ya kayar da ni kwana uku, iri ya yi rauni, na aika Hajjo ta sam mini ludayi ɗaya na ƙara. Ba wanda ya sani, ko surukata. Ashe ƙwaryar Hajjo ma ya goga, maye!

Na ce, "To, na yi. Sai ka kai ni kotu."

Sai kawai ya hau tafa hannu. "Auratayya! Hanne, har sun fara aron halin juna! Kin san abin da kika yi mini?" A kan wannan ludayi ɗaya ya yi rubutu, aka ɗauke shi a jirgi har ƙasar waje ya yi bayani. Tsarabata da ya dawo? Sababbin tsinkaye.

Sai shekarar da ciwon huhu ya shiga garke. Shanuna uku suka tafi a mako ɗaya. Na ce masa, "Ba madara, ba ƙwarya. Na kife ta, na huta."

Ya ce, "Kar ki kuskura!"

Wata biyu cur, kowace safiya, Dakta guda da farin gashi yana kawo mini madara a galan daga rugar Durba. Da ya gaji sai ya tafi kasuwa shi kaɗai, bai yi shawara da kowa ba, ya jawo mini saniya. Yana tafe yana taƙama. Na buɗe bakinta. Ba haƙori ko ɗaya.

Na ce, "Habu, wannan ai sa'ar Dada ce."

"Mai ita ya ce tana da hankali."

"Hankali zan tatsa?"

Mutumin da ke karanta asalin abin da ido ba ya gani, ya kasa duba bakin saniya! Sai da yayana ya je ya musanya ta da karsana mai ciki. Habu ya ci gaba da kawo madara har ta haihu, iri dai bai yanke ba.

Sau ɗaya na ga Habu ya zo da hula a kansa bai taɓa ta ba. Ya zauna a kan turmi. Na ba shi kofi, ya riƙe bai sha ba. Ashe duk abin da ya goga tsawon shekarun nan a firiza yake ajiyewa a wurin aikinsu. Aka tafi hutu, wuta ta ɗauke, janareto ya lalace, ba wanda ya lura. Komai ya narke ya ruɓe.

Ya ce, "Rubutun yana cikin kwamfuta. Amma su kansu sun mutu, Hanne. Shekara ashirin."

Ni ban iya lallashi ba. Da aka yi mini nawa mutuwar ba wanda ya lallashe ni. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙwarya na dire a gabansa.

Na ce, "Tsofaffi sun mutu. To? Ga jikokinsu nan. Ni ba na ajiye nawa a wuta."

Ya dubi ƙwarya, ya dube ni. Ya yi dariya har da hawaye, ko kuma kuka ne, ban tambaya ba. Sannan ya cire hula.

Da ciwo ya kwantar da shi na je asibiti. Ya rame, murya ba ta fita sosai. Na sunkuya, na zaci wasiyya zai bari.

"Kin zuba?"

"Na zuba."

"Ba sabulu?"

"Bawa, ka ji da kanka."

Washegarin jana'iza gida cike da masu gaisuwa, na tashi na ɗauki ƙwarya na nufi turke. Wata ta ce, "Haba Hanne, yau ma?" Na ce, "Su ba a gaya musu ya mutu ba."

Yanzu ɗalibarsa ce, Dakta Rabi, take zuwa duk wata. Tana da ladabi, tana ajiye tsinkenta a jaka kamar mai hankali, kuma ba ta taɓa cewa tsami ya yi yawa ba. Wallahi abin yana ba ni haushi.

Hular tana wurina, da sauran tsinkayen a ciki. Iri bai yanke ba, Habu, ko kwana ɗaya.

Allah ya jiƙan bawana, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Dada. Allah ya shayar da shi ruwan Alkausara. In kuma ya tsaya duba bakin kofin kafin ya sha, ya Rabbi, a yi masa uzuri. Halinsa ne.