Kujerar Alhaji Mamman a Bakin Teku

Cikin duk ranakun aikina na tafinta a Guangzhou ta ƙasar Sin, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da aka aike ni bakin teku. Ku da kuka fara aikin nan kwanan nan, ku saurara.

Lokacin an tashi baje kolin kaka na unguwar Pazhou, ina yi wa Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwar Maraɗi, tafinta. Shekara da shekaru yana sarin yadi wurin wani dattijo mai masaƙa, Lauban Chen. Lauban kuwa maigida ke nan da Sinanci. Dattijon ya gayyace shi hutun ƙarshen mako a garinsu da ke gaɓar teku. Basine bai cika kai abokin ciniki gidansa ba, yawanci a gidan abinci ake ƙarewa, don haka ni na san girman abin.

Sai lodin kwantenar Alhaji ya faɗo ranar. Kun san mutanenmu, ko ana ha-maza-ha-mata sai sun ga an garƙame kwantena da idonsu. Na ce, "Alhaji, a nan ba a wakilci a irin wannan gayyata."

Ya yi dariya. "Haba Sadisu! Ko ɗaurin aure ana aika wakili. Ƙafarka ƙafata ce. Ka kai mishi kilishi."

Na tafi ni kaɗai. Garin gwanin sha'awa: otal-otal a jere gaban ruwa, yara na haƙa rairayi, tsofaffi na rawar motsa jiki da ɗan rediyonsu. A bayansu tsohuwar unguwar masunta take, ko'ina an shanya kifi, ana buga lido irin nasu a ƙofar gidaje. Nan Lauban ya tsaya jirana, maƙwabta kewaye da shi. Ya dube ni, ya leƙa cikin motar, ya sake dubana.

Na isar da saƙo. Ya karɓi kilishin da hannu biyu, ya ce, "Ba komai." Amma matarsa ta nuna min sababbin tukwanen da ta saya don kada girkin ya haɗu da alade, da ɗakin da suka share saboda salla. Wurin cin abinci, kujerar da ke kallon ƙofa ta babban baƙo ce. Ba a ce in zauna a kanta ba, ba kuma wanda ya zauna a kai. A nan na ji cewa dattijon zai ajiye aiki, yana so ne ya damƙa ɗansa a hannun Alhaji gaban mutanen unguwa.

Da Alhaji ya dawo da bazara, ɗan ne a ofis, ya karɓe shi kamar kowane mai saye. Alhaji ya matsa sai na kai shi garin. Dattijon ya tarbe mu a wani shagon shayi, ya tambayi iyali, ya raka mu mota. Bai ce mu ƙarasa gida ba.

Mun yi nisa kafin Alhaji ya ce, "Sadisu, na tsare kaya, na bar mutum."

Har yau abin yana min ciwo, don dukansu mutanen kirki ne, kowa ya yi abin da a garinsu ake kira girmamawa. Tun daga nan, in Basine ya ce wa baƙona ya zo gida, ni nake tsayawa kan lodin, shi in sa shi a mota.