Man Abalessa da Ciwon Yaya Rabi

Tamanrasset

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, muka bar gida ni da yayata Rabi. Wata huɗu tana karɓar allurar kansar nono a asibiti, sai ta ce ta daina, garin Abalessa za ta, wurin wani mai man magani. Na bi ta don kada ta tafi ita kaɗai, amma hankalina bai kwanta ba.

A hanya

Motar wani Buzu ce, mu bakwai da buhunan gari. Jandarma suka duba takardunmu, muka wuce. Yaya ta kunna mini muryar mutumin a salula: wai cikin jini akwai ƙwayoyi masu kashe kansa, fatarsu da kitse aka yi ta, in kitsen ya lalace sai su kasa kama ciwon. Wannan kam likitarta ma ta taɓa faɗa mana. Amma ita cewa ta yi ana kan bincike, ba ta ce a sha wani mai don gyara kitsen ba.

Direba ya waiwayo. "Wurin mai mai za ku? Kullum ina kai mutane."

Na ce, "Suna warkewa?"

"Hajiya, ni dai kaiwa nake yi."

Abalessa

Takwas saura kwata muka sauka. Gidan na bayan wani lambun dabino. Aka ba mu shayi, sannan mutumin ya fito, farin rawani, murya mai sanyi, da kwalba a hannu. Sharaɗinsa ɗaya: a bar asibiti, wai allurarsu narkar da man take.

Na ce, "Malam, in gani?" Na ɗiga a tafin hannu, na shinshina, na lasa. Shekara ashirin ina gaban murhu. Man suya ne da habbatussauda, kuma ya taɓa hawa wuta.

"Yaya, ɗanɗana."

Ta lasa. Ita ta koya mini girki.

"Zulai, an soya albasa da wannan."

Malam ya ce wai mu mata ba mu san sirrin magani ba. Yaya ta ajiye kwalbar bisa tabarma, ta gyara mayafinta.

Komawa

Kuka take har muka wuce jandarma, ina riƙe da hannunta. Da la'asar muka iso gida. Tana tuɓe takalmi ta ce, "Allurar Talata, ƙarfe nawa ce?"

"Takwas."

"Ki tashe ni da wuri."

Godiya ga Allah da ya kai mu, ya dawo da mu.